Na fara ɗaga ƙarfe jikina ya yi tsami: in huta ko in koma?

"Assalamu alaikum. Shekarata 34, aikina na zaman ofis ne, ban kuma taɓa ɗaga ƙarfe ba sai ranar Litinin da ta wuce. Na yi tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, na yi na ƙirji da na damtse, kusan awa ɗaya da rabi. Ranar garau na koma gida. Da na tashi Talata jikina ya yi tsami, Laraba kuwa ko matakalar bene ba na iya sauka sai na dafa bango, hannuna ma ba ya miƙewa sosai. Abokina ya ce alamar aikin ya shiga ke nan, in koma in ƙara. Maiɗakina ta ce ciwo na ji wa kaina. Wa ke da gaskiya? In huta ne, ko in sha magani in koma?"

Wa alaikumus salam, Malam, sannu da jiki. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko wannan tsami rauni ne, ko shaida ce ta cewa aikin yana amfani, sannan me ya kamata ka yi a kwanakin nan. Na daɗe ina horar da masu fara ɗaga ƙarfe, kuma a makon farko babu ƙorafin da na fi ji kamar naka. Yadda ka jero kwanakin ma ya kusa ba da amsar da kansa. Ciwon da ya bar ka ka koma gida lafiya, ya lallaɓo washegari, ya fi tsanani a kwana na biyu, shi ne tsamin jikin da masana suka daɗe da sani, wanda a littattafansu suke taƙaita sunansa da haruffa huɗu, DOMS, ma'ana ciwon tsoka mai zuwa a makare. Yakan fara tsakanin awa 12 zuwa 24 bayan aiki, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya washe da kansa cikin kwana biyar zuwa bakwai. Rauni na gaske ba ya yin wannan kunya. Idan tsoka ta yage ko aka yi targaɗe, a take ake ji, mutum kuma yakan iya faɗa maka a kan wane motsi abin ya faru.

Don haka mai yiwuwa ba ka ji wa kanka ciwo irin wanda maiɗakinka take tsoro ba. Amma abokinka ma bai faɗi daidai ba, kuma kuskurensa ya fi nata haɗari, zan zo kansa.

Abin da ya faru a cikin tsokar

Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: saukowa daga bene ce ta gagare ka, ba ka ambaci hawa ba. Nan sirrin yake. Tsoka tana aiki ta hanya biyu a kowane ɗagawa. Lokacin da kake jawo ƙarfe sama zuwa kafaɗa, tsokar damtse tana tattarewa ne, tana gajarta. Lokacin da kake mayar da shi ƙasa a hankali, tsokar tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar birkin mota a kan gangara. Wannan aikin birkin shi ne uban tsami. A cikinsa jiki yana tura zaruruwan tsoka kaɗan ne su riƙe nauyin da a wajen ɗagawa zaruruwa da yawa suka taru a kansa, sai kowane zare ya ɗauki kayan da ya fi wanda ya saba. A tsugunon da ka yi ranar Litinin, duk sanda ka sauka ƙasa cinyoyinka birki suke takawa. Yau da ka zo sauka daga bene, aikin da ya gajiyar da su shi ka sake nema daga gare su, shi ya sa suka yi maka gardama.

Tun a 1902 wani masanin aikin jiki a Amurka, Theodore Hough, ya rubuta cewa irin wannan ciwo daban yake da gajiya, ya kuma yi hasashen cewa ƙananan yagewa ne a cikin tsokar. A farkon shekarun 1980 Jan Fridén da abokan aikinsa a Suwidin suka ɗebi ɗan tsokar cinyar mutanen da suka yi irin wannan aiki, suka duba ta da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai ƙarfi, suka ga layukan da ke jere reras a lafiyayyar tsoka sun karkace a wasu wurare. Abin ƙanƙane ne ƙwarai, ba irin yagewar da ake gani da ido ba. Daga nan jiki yake aiko da ma'aikatan gyara: ruwa ya taru a wurin, ƙwayoyin jini masu share ɓarna su iso, wasu sinadarai su fita waɗanda ke sa jijiyoyin jin zafi su zama masu saurin amsawa, har taɓawar da jiya ba ta dame ka ba yau ta sa ka cije leɓe. Wannan hidima tana ɗaukar awanni kafin ta kankama, shi ne dalilin jinkirin. Kumburin da taurin kuma su ne suka hana hannunka miƙewa. Binciken baya-bayan nan ya nuna tantanin da ke naɗe da tsoka yana da kaso babba a zafin, domin ya fi naman tsokar kansa saurin jin ciwo, kuma har yau masana ba su gama muhawara kan rabon kowanne ba.

Akwai bayanin da za ka ji a bakin kusan kowa a gidan motsa jiki, wai sinadarin laktik asid ne ya taru a tsoka ya kwana a ciki. Kalmarmu ta "tsami" ma sai ta zo ta dace da wannan zato, kamar dai wani abu ne ya yi tsami a jiki. Ba haka ba ne. Wannan sinadari yana ƙaruwa lokacin aiki mai tsanani, amma cikin kamar awa ɗaya ya koma yadda yake, tun kafin ka yi wanka ka huta. A 1983 wasu masu bincike a Amurka sun sa mutane gudu a shimfiɗaɗɗen wuri, wata rana kuma gudu a gangara. Gudun shimfiɗa ya ɗaga sinadarin amma bai bar tsami ba, gudun gangara bai ɗaga shi ba amma ya bar su da tsami. Na tsaya a kan wannan ne don wanda ya yarda da labarin asid yakan ɓata lokaci da kuɗi wajen neman abin da zai "wanke" shi, alhali babu abin wankewa.

Maganar abokinka

Abokinka yana kan ra'ayin da ya cika wuraren ɗaga ƙarfe: sai an sha wuya ake shan daɗi, idan jiki bai yi tsami ba aikin banza aka yi. Wannan magana tana ɓata mini rai, don na ga yawan mutanen da ta kora daga motsa jiki gaba ɗaya. Tsami ba ya auna amfanin aiki. Abin da yake aunawa shi ne baƙuntar aikin ga jikinka. Ɗauki wanda ya shekara goma yana ɗaga ƙarfe ka sa shi ya sauko daga dutse da ƙafa na awa biyu, washegari zai yi ɗingishi, ba kuma don ya gina wata tsoka ba. A ɗaya gefen, akwai waɗanda nake horarwa da suka ninka nauyin da suke ɗagawa cikin 'yan watanni, da wuya su ce mini jikinsu ya yi tsami.

An gwada wannan kai tsaye. A wani bincike da aka wallafa a 2011 a Amurka, an raba mutane gida biyu. Kashi ɗaya an shigar da su aikin sannu a hankali na mako uku kafin a ƙara musu nauyi, ɗaya kashin an jefa su ciki kai tsaye. Waɗanda aka jefa sun sha tsami, jininsu ya nuna alamun ɓarnar tsoka, na farkon kuwa kusan babu. A ƙarshe girman tsoka da ƙarfin da kowane kashi ya samu ya zo daidai. Wahalar da kashi na biyu suka sha ba ta ƙara musu komai ba. Wasu masu bincike a Jami'ar Sao Paulo ta Barazil kuma sun nuna cewa a makonnin farko, yawancin ginin da jiki ke yi bayan atisaye yana tafiya ne wajen gyaran ɓarna, sai ɓarnar ta ragu sannan ainihin girman tsoka yake kankama. Har kumburin da sabon shiga yake gani a madubi a makon farko ya yi murna, yawancinsa ruwa ne.

Ga kuma albishir. Tsamin da kake ji yanzu shi ne mafi muni da za ka ji daga waɗannan motsi, muddin ba ka daɗe da barinsu ba. Tsoka tana koyon darasi daga karo ɗaya tak. Idan ka maimaita aikin Litinin bayan mako ɗaya ko biyu, tsamin zai ragu nesa ba kusa ba. Kazunori Nosaka, wanda ya yi shekaru yana nazarin wannan al'amari, ya nuna cewa kariyar da karo ɗaya ke bayarwa tana iya kai wata shida a tsokar damtse. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne ba sai karon farko ya yi tsanani ba: aiki mara nauyi ma yana ba da kariya. Da ka yi rabin abin da ka yi ranar Litinin, ko sulusinsa, da ka samu wannan riga-kafi ba tare da dafa bango ba. Awa ɗaya da rabi ga wanda bai taɓa yi ba ta yi yawa ƙwarai, zafin nema kuma ba ya kawo samu a wannan harka.

Magani, tausa, ƙanƙara da sauransu

Gaskiyar da ba a son ji ita ce babu abin da ke kawar da tsami sai kwanaki. Abin da ake da shi duk na sassautawa ne, kuma mafi inganci a cikinsu shi ne wanda jiki ya fi ƙi: motsi. Tafiyar minti ashirin, tuƙa keke a hankali, ninƙaya, ko maimaita motsin da ya jawo tsamin ba tare da ƙarfe ba. Za ka ji jiki ya saki bayan minti biyar zuwa goma. Zafin zai dawo idan ka zauna ka huce, amma ka samu sa'ida, kuma ba ka ƙara ɓarna ba. Kai da aikinka na zama ne, tashi ka ɗan zaga duk bayan awa, don dogon zama shi ke sa cinya ta sandare. Tausa tana taimakawa daidai gwargwado, in dai ba irin ta murƙushewa ba ce. Wanka da ruwan ɗumi yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, ba shi da illa.

Miƙe tsoka kafin aiki ko bayansa, wanda ake ta yi wa mutane wasiyya da shi, ba ya hana tsami. Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara bincike-binciken lafiya tana tace su, ta duba wannan a 2011, ta samu bambancin bai kai wanda mutum zai lura da shi ba. Kar ka kama hannun nan naka da ya ƙi miƙewa ka ce sai ka banƙare shi da ƙarfi. Zai miƙe da kansa idan kumburin ya sauka.

Shiga ruwan ƙanƙara yana rage jin zafin, shi ya sa 'yan wasan da ke da karawa gobe suke yi. Amma kai ba karawa gare ka ba, tsoka kake son ginawa. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya bi matasa na mako 12, waɗanda ke shiga ruwan sanyi na minti goma bayan kowane atisaye sun samu ƙarancin girman tsoka da ƙarfi idan aka kwatanta da waɗanda suka huce ta hanyar tuƙa keke a hankali. Kumburin nan da muke ƙi, wani ɓangare ne na saƙon da ke sa tsoka ta ginu.

Batun magani kuwa, ga ra'ayina: kar ka sha don ka samu damar komawa ka ƙara. Idan zafin ya hana ka barci, shan farasitamol ko ibufurofen sau ɗaya ko biyu bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin ba abin tashin hankali ba ne ga mai lafiya. Mayar da shi al'ada ne matsala. A Cibiyar Karolinska ta Suwidin an ba matasa masu atisaye miligiram 1200 na ibufurofen kullum na mako takwas, tsokarsu ba ta girma kamar ta waɗanda ba su sha wannan adadi ba. Bayan haka irin wannan magani yana taɓa ciki da ƙoda, musamman ga mai gyambon ciki, mai hawan jini, ko wanda ya yi gumi bai sha ruwa ba. Sannan yana rufe bakin mai gargaɗi: zafin da zai ce maka dakata sai ya yi shiru, kai kuma ka ci gaba.

Barcin awa bakwai zuwa tara, ruwa isasshe da abinci mai gina jiki ba za su ɗauke tsamin gobe da safe ba, amma da su ake gyaran. Ga mai ɗaga ƙarfe, kimanin giram 1.6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana ya wadatar, kuma ana samunsa a abinci ba sai an sayi garin furotin na gwangwani ba.

Inda ya kamata ka saurari maiɗakinka

Akwai iyakar da idan aka tsallake, maganar ta tashi daga tsami. Ka duba fitsarinka yau. Idan ya koma ja-ja ko baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, ko ya ragu sosai duk da kana shan ruwa, ko hannun ya kumbura suntum ya yi tauri, ko ka ji rashin ƙarfin da ya wuce misali, ko tashin zuciya da zazzaɓi suka biyo, ka tafi asibiti yau, kar ka jira gobe. Wannan na iya zama abin da likitoci ke kira rabdomayolisis: tsoka ta farfashe da yawa har wani sinadarinta mai suna mayogulobin ya kwarara cikin jini ya je ya cushe ƙoda. Ana gane shi da gwajin jini, ana kuma magance shi da ƙarin ruwa idan an zo da wuri. Idan aka makara, ƙoda na iya tsayawa.

Na taɓa ganinsa da idona. Wani matashi ne da ya yi wasanni a makaranta, ya bar motsa jiki shekaru, ya dawo rana ɗaya yana son ya yi abin da yake yi a da. Zuciyarsa ta tuna adadin, tsokarsa ta manta. Ya yi ta jan jikinsa sama a jikin sanda har hannuwansa suka daina amsawa. Kwana biyu bayan nan ya nuna mini damatsansa sun yi kamar an hura, na tambaye shi launin fitsarinsa, amsar da ya ba ni ta sa na ce ya bar komai ya nufi asibiti. Ya kwana huɗu ana yi masa ƙarin ruwa, Allah ya sa ya warke sarai. Tun daga ranar ba na barin kowa, komai ƙarfin da yake ji da shi, ya yi aiki har ya gaza a makonsa na farko. Haɗarin ya fi yawa a cikin zafi, ga wanda bai sha ruwa ba, ga mai shan barasa, ga mai shan magungunan rage kitsen jini da ake kira sitatin, da kuma mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila ko da ba ta taɓa kwantar da shi ba.

Ban da wannan, ka bambance wurin zafin. Tsami yana zama a cikin naman tsoka, a baje, galibi a ɓangarori biyu na jiki daidai, yana kuma sauƙi idan ka motsa. Zafi mai suka a cikin gaɓa, gwiwa ko kafaɗa ko ƙugu, ko wanda yake gefe ɗaya kawai a wurin da za ka iya nunawa da yatsa, ko wanda ya zo da taruwar jini a ƙarƙashin fata, ko wanda ke saukowa ƙafa da jin kamar ana tsira allura, wannan wani abu ne daban.

Ranar da za ka koma

Ka koma, amma ba yadda abokinka ya ce ba. Tsokar da ta yi tsami haka ƙarfinta ya ragu na ɗan lokaci, kuma sarrafa ta ba ya zama daidai, don haka ɗora mata nauyin Litinin hanya ce ta samun raunin da kake gudu. Ga gwajin da nake ba mutanena. Ka yi tafiya ko keke na minti goma, sannan ka yi tsuguno sau goma ba ƙarfe. Idan ka ji jiki ya saki kuma kana iya sauka da tashi ba tare da karkacewa ba, kana iya aiki mara nauyi. Idan har yanzu kana ɗingishi ko kana kare wani gefe, ka ƙara wa wannan tsoka kwana ɗaya ko biyu. Yadda ka kwatanta halinka, ina ganin Juma'a ko Asabar za ka iya shiga ka yi rabin awa da rabin nauyin da ka ɗaga, ko ka bari sai Litinin, babu asara a ciki. Asarar da nake gani kullum ita ce mutum ya ce sai ya warke sarai, mako ya zama wata, ya daina zuwa.

Daga nan zuwa mako uku ko huɗu, kwana biyu ko uku a mako sun isa, da hutun aƙalla awa 48 kafin ka sake taɓa tsoka ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana biyu ko fiye a mako ta ba manya shawarar su yi aikin ƙarfafa tsoka. Zaɓi motsi biyar ko shida da suka game jiki, kowanne zubi ɗaya ko biyu, kowane zubi sau 8 zuwa 12, ka kuma ajiye ƙarfen alhali kana jin za ka iya ƙara uku ko huɗu. Za ka fita kana jin kamar ba ka yi komai ba. Haka nake so. Kowane mako ka ƙara abu ɗaya kawai, ko ɗan nauyi ko zubi guda, kar ka haɗa biyun. Ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga a littafi ko a waya, domin wannan rubutu shi zai nuna maka ko kana ci gaba. Duk sanda ka sauya motsi ko ka dawo daga dogon hutu, ɗan tsami zai leƙo, amma in ka shiga sannu a hankali mara ƙarfi ne, irin wanda ba ya hana ka harkokinka.

Ni mai horarwa ne, ba likita ba, kuma abin da ka rubuto kawai na gani, ban taɓa hannunka ba, ban ga yadda kake tsugunawa ba. Mutane sun bambanta sosai, aikin da zai bar wani da tsamin kwana biyu zai kwantar da wani kwana shida. Idan kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko na ƙoda, ko kana shan wani magani kullum, ka ga likitanka kafin ka ƙara nauyi. Haka nan idan Litinin mai zuwa ta yi hannun bai miƙe ba, ko zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ka kai shi wurin likita ko ƙwararren mai gyaran gaɓɓai ya duba da hannunsa.